Magogin Goron Hajiya Memuna

Na sauka Kumasi ranar wata Laraba da hantsi, ƙafafuna sun kumbura don zaman mota, jaka ɗaya a hannu ɗaya a kafaɗa. A cikin ta kafaɗar akwai takardar da ta ce an ɗauke ni horon shekara guda, in koyi yadda ake raya ƙashin muƙamuƙi in ya zaizaye. Ni likitan haƙori ne daga Funtuwa. Shekara shida ina tumɓuke wa mutane haƙora, ban taɓa mayar wa kowa ko guda ba, abin har ya fara damuna. Ubana mahauci ne, a cikin ƙasusuwa na tashi, saboda haka na taho ina ganin ba wani sabon abu da za a nuna mini.

Bari in faɗi aibina tun yanzu, don a kansa labarin ya rataya. Ni mutum ne mai gyara wa mutane magana. Matata Zainab takan ce ko gobara ake yi, in mai ihu ya ce wuta ya kama, sai na tsaya na gaya masa ta kama ake cewa kafin in ɗauki bokiti. Da wannan hali na shigo garin da kowa ke yin Hausa yadda bakinsa ya ba shi.

Unguwar Krofrom na fara nufa. Tun ina gida wani mai kiran kansa Alhaji ya turo mini hoton ɗaki mai tayil da fanka, na tura masa kuɗin haya, ya yi ta sa mini albarka a waya. Na isa gidan na tarar da wata mata tana kirɓa fufu. Na nuna mata hoton. Ta duba, ta ajiye taɓarya, ta kira maƙwabta su zo su ga wani kuma. Ɗakin na surukinta ne, yana ciki ma yana barci. Na kira Alhaji, waya a kashe, kuma har yau ba ta buɗe ba.

Na koma bakin titi na zauna a kan jakata ƙarƙashin rumfar wani shago, sai ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ban yi kuka ba, amma na yi kusa. Wani mai gyaran takalmi da ke gefe, Badagombe ne daga arewacin ƙasar, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Aboki, kai Musulmi? Tafi Zango. Zango ba ya kori bako."

Wallahi a cikin wannan hali sai da harshena ya yi ƙaiƙayi in ce masa baƙo ake cewa. Allah ya rufa mini asiri na haɗiye. Ya bar takalmin da yake ɗinki, ya shiga ruwan ya tsayar mini da trotro, wato ƙaramar bas ɗinsu ta haya, ya yi wa direba bayani da Tonanci, yaren Asantawa. Ban ko tambayi sunansa ba.

A Zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi, na yi Azahar a wani ƙaramin masallaci. Ladan ya ji labarina, ya girgiza kai, ya ce in biyo shi. Muka ratsa lungu, muka tsallake kwata, muka shiga wani tsohon gida mai faɗin tsakar gida wanda ƙamshin ɗanyen ganye ya cika. Gidan Hajiya Memuna ke nan, mai sayar da goro. Kakanninta fataken goro ne da suka zo daga Kano suka zauna, su ke sauke baƙi tun zamanin jakuna. Na same ta a kan tabarma tsakanin huhunan goro, tsohuwa 'yar siririya mai kaifin ido, ta kare bakinta da gefen mayafi.

"Daga ina?" in ji ta.

"Daga Funtuwa, Hajiya."

"Ce ƙaiƙayi."

Na dubi ladan, na dube ta. Na ce, "Ƙaiƙayi."

"Ce ɓaɓɓake."

Na faɗa. Sai kafaɗunta suka fara rawa, tana dariya a bayan mayafi. Ta ce, "Kai! Rabona da in ji an ƙwanƙwasa ƙa ɗin nan haka tun rasuwar kakata. Ita ta raine ni, da muciya ta koya mini. Yanzu a Kumashi kowa ya sake ta, har jikokina. A buɗe masa ɗakin fatake."

Haka na samu masauki, da harshena. Kafin mako ya zagayo duk gidan ana kirana Dokta Ƙa, ni kuwa ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Watannin farko sun yi mini nauyi. Ruwa ba ya ɗaukewa, kayana ba sa bushewa, cikina ya ƙi dokunu, tuwon masararsu mai tsami, yajinsu kuma sai da ya sa na yi hawaye a gaban mata. Zainab takan kira ta sa 'yarmu ta gaishe ni, in mun gama in zauna ina kallon bango. Hajiya ta lura. Sai kawai na fara tarar da tuwo da miyar kuka a bakin ƙofata duk yamma, da man shanu a ɗan gwangwani. Inda take samo man shanun, oho.

A asibiti kuwa girman kaina bai yi kwana uku ba. Malaminmu wani Farfesa ne, mutumin gabas daga wajen iyakar Togo, Kirista, mai magana a hankali, Tonancinsa bai fi nawa ba. Ranar farko ya jera mana kwalabe huɗu ƙanana a tebur. Ya ce in haƙori ya fita, ƙashin da ke riƙe da shi yakan ga ba shi da sauran aiki, sai ya riƙa janyewa har ya zama ba inda za a kafa sabo. Aikinmu shi ne mu zuba wani abu a gurbin wanda ƙashin mutum zai bi ya hau, kamar yadda kabewa ke bin rumfa. Kwalba ta farko babu komai a ciki, don wannan ƙashin maras lafiyar ne da kansa, daga haɓarsa ko ƙugunsa ake yankowa. Shi ya fi kamawa, amma rauni biyu ke nan. Ta biyu ƙashin mutanen da suka yi wasiyya da jikinsu ne. Ta uku na saniya, an ƙone duk wani maiƙo da nama da ke jikinsa har ya koma fari tas kamar tsakin shinkafa. Ta huɗu haɗin masana'anta ne, babu ran da aka taɓa. Na ɗauki ta ukun na girgiza, na tuna tarin ƙasusuwan da muke zubar wa karnuka a bayan rumfar Baba. Da za a ce masa ana sa su a kwalba a kulle a kabad, da ya ce boko ya taɓa ni.

Abin da ya haɗa gidan da asibitin wata ƙara ce. Kullum da safe in zan fita, da yamma in na dawo, sai in ji ƙurus, ƙurus, ƙurus daga inda Hajiya ke zama. Magogi ne, ɗan gwangwanin nan mai huda-huda da tsofaffi ke goge goro da shi. Ta goge a tafin hannu, ta juya baya, ta zuba a baki. Macen da dillalai ke zuwa tun daga nesa don ta ɗanɗana musu kaya ta faɗi asalinsa, ita ce ba ta iya gatsa goro.

Wata Asabar muna cin abincin rana na yi ƙarfin hali na tambaye ta. Sai ta sauke mayafin. Kuncinta na dama ya lotsa. Wani mai cire haƙori na bakin kasuwa ya cire mata turame uku shekarun baya, wurin ya ruɓe, ya warke da ƙyar. Na hagun kuma sun yi girgiɗi, ba sa ɗaukar abu mai tauri.

"Goro a baki ake saninsa, Dokta," in ji ta. "Ƙarar da yake yi in ka gatsa, ita ke gaya maka ko ya sha ruwa, ko ya kwana a rana, ko sankara ta shige shi. Gari ba ya magana. Yanzu kintace nake yi, kuma dillalai sun fara ganewa."

Na ce, "Hajiya, ai wannan shi ne aikin da na zo koya. Ba ki je asibiti ba?"

Fuskarta ta canza. "Na je. Asibitin naku ma. Shekara biyu ke nan, kuma ba zan koma ba koraa, ko kusa. Na ce musu ni ciwo da Hausa yake zo mini, da Hausa nake so a gaya mini maganinsa, Tonancina na ciniki ne. Suka kira wata yarinya mai farin kaya, Lamisi, 'yar Bolga ta can arewa. Ta dube ni tsakar ido ta ce wai za su zuba mini kashin shanu a baki. Wai an shanya shi, an gasa, an daka, ba ya wari. Ni! Don sun ga 'yar Zango ce? Na ɗauki jakata na fito."

Sista Lamisi na san ta, tare muke aiki, mace mai kirki wadda Hausarta ba ta da ƙugiya ko ɗaya. Dariya ta ƙwace mini har na ƙware. Hajiya ta zuba mini ido irin na za ka bar gidan nan yau. Na yi maza na tsoma hannu a kwanon miya na tsamo ƙashi, na ɗaga.

"Wannan take nufi, Hajiya. Ƙashi. Bakinta ne ba ya iya ƙa."

Ta dubi ƙashin. Ta san sarai yadda mutanen nan ke magana, a cikinsu ta tsufa. Amma ba ta taɓa jin an sa wa mutum ƙashin dabba a jiki ba, kashin shanu kuwa ta sha ganin ana shafa shi a ƙasa da bango, har a kan gyambo. Da aka ce ba ya wari, sai magana ta zauna mata. Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, tana cewa, "Shekara biyu! Shekara biyu ina tsine wa 'yar mutane."

Ni kuwa ranar ji nake kamar in hau rufin gida in yi shela. Wa ya warware? Dokta Ƙa.

Da aka ɗauki hoton muƙamuƙin, murnata ta ragu. Shekara biyun nan sun ci ƙashin sosai, saura ɗan siriri kamar bakin cokali. Farfesa ya ce in aka ƙara jinkiri zai kai inda garin ƙashin nan na kwalba ba zai wadatar ba. Na zauna da Hajiya na bi mata kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Na ƙugunta, Farfesa ya ce shekarunta sun wuce a yi mata rauni biyu. Na mamaci, ta ɗaga hannu ta ce a bar bayin Allah su kwanta. Na masana'anta da muke da shi yakan narke da wuri, ramin kuma babba ne. Saura na saniya.

"Saniyar," in ji ta, "an yanka ta?"

Ban taɓa tunanin wannan ba, ni ɗan mahauci. Na ce, "Wallahi Hajiya ban sani ba. Daga ƙasar Turawa ake kawo shi."

Ta gyaɗa kai. Washegari ta shiga mota ta tafi unguwar Buokrom wajen malaminta, ta dawo da yamma ta ce Malam ya ce magani ne kuma larura ce, ta yi. Sannan ta faɗi maganar da har yau take ci na. Ta ce, "Na ji daɗi da ka ce ba ka sani ba. Mutumin da ya iya faɗin haka ba zai yi maka ƙarya ba."

Ranar sa hannu mu uku ne a ofis, ni da ita da Farfesa. An aiki Sista Lamisi ɗakin ajiya. Farfesa yana faɗa da Turanci, ni ina juyawa. Ya ce in an zuba garin sai an lulluɓe shi da wani tantani, don dasashi ya fi ƙashi saurin tsiro, in ba a kare ba nama zai riga shi cike gurbin. Tantanin da ke hannu a lokacin daga jikin alade aka yi shi. Da Turancin likitoci ya faɗa, ba kalmar da ake ji a kasuwa ba. Ya ce, "Ka gaya mata sarai, na san kuna da doka a kan wannan. In ba ta so, akwai na saniya, sai dai a yi oda, zai ɗauki wata biyu. Akwai kuma na roba, amma shi sai an sake tsagawa a cire." Ya ƙara da cewa in an yi a wannan makon, ni zan riƙe wuƙa, shi yana tsaye. Bayan wata biyu kuwa an mayar da ni wani sashe.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tsoro na ji kada ta sake ɗaukar jaka ta fita, ƙashin ya ƙarasa zaizayewa. Gaskiya ne, na ji wannan tsoron. Amma na kuma so in riƙe wuƙar nan, so mai tsanani. Wanne ya fi nauyi a cikin biyun, Allah ne masani.

Na ce, "Hajiya, ya ce akwai wani ɗan tantani da za a rufe garin da shi."

"Na mene ne?"

"Shi ma na dabba ne."

"Saniyar dai?"

"Duk aikin masana'anta ne, Hajiya. An wanke, an tace, ba abin da ya rage."

Ta dube ni, ta ce, "Yoo, to. Tunda kai ka faɗa." Ta dangwala yatsa a takarda.

Farfesa ya tambaye ni ko ta ji batun aladen. Na ce ta ji. Ya sa alama a takardar, ya rufe fayil.

Aikin ya tafi lafiya lau. An kashe mata wurin da allura, tana kwance da carbi a hannu. Na tsaga dasashin, na ɗaga, na jiƙa garin da jininta, na cusa shi a gurbin a hankali. Sista Lamisi ta ɓare takardar tantanin ta miƙo mini, fari ne, bai fi kan sarki girma ba. Na yanka daidai wurin, na shimfiɗa, na ɗinke. Hannuna bai yi rawa ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro in na tuna. Farfesa ya dafa kafaɗata ya ce ɗan mahauci ya yi gado.

Daga nan sai jira. Hajiya ta yi makonni tana shan koko da romo. Ta aika aka kira Sista Lamisi har gida, ta nemi gafararta, ta cika mata jaka da goro, suka zama kamar uwa da 'ya. Ni kuma na zama ɗan gida sosai. Ta sa aka sayo wa Zainab atamfa a kasuwar Adum. In dillalai sun zo takan nuna ni ta ce, "Ga ɗana, likita ne, Hausarsa ba ta da rami." Sau da yawa nakan fito da niyyar gaya mata, in same ta tana raha, in ce bari sai gobe. Tantanin irin mai narkewa ne. Na san kowane mako da ya wuce yana ƙara bin jikinta, na riƙa lallashin kaina cewa in ya ɓace maganar ma ta ɓace.

A wata na shida hoto ya nuna fari a inda da yake baƙi. Ƙashi ya hau. Aka kafa mata kusoshi biyu na ƙarfe, aka sake jira, sannan aka ɗaura haƙora a kai. Saura mako uku in gama horona.

Ta haɗa 'yar walima ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka dafa wake da shinkafa, mata suka cika, dillalai suka zauna daga bakin ƙofa. Hajiya ta fito ba mayafi a baki. Ta sa hannu a huhu ta zaɓo farin goro babba, ta goge shi da gefen zane, ta yi bisimilla, ta kai ɓangaren dama. Ƙas! Har bakin ƙofa an ji. Ta lumshe ido tana taunawa, sannan ta ce, "Wannan ya sha ruwa, wa ya kawo shi?" Gida ya kaure da guɗa da dariya, wani dillali yana rantse-rantse. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar wannan lokacin ba.

Sista Lamisi tana kusa da ni, ita ma tana share hawaye. Ta ɗaga murya don kowa ya ji yabon da za ta yi. Ta ce, "Hajiya ya yi kokari paa! Mutane Zango da yawa, in ya ji prako, ya gudu. Amma Hajiya ya ji, ya ce yoo. Na gani a takarda."

Ni ban san kalmar ba. Wata goma sha ɗaya a Kumasi, ina ta gyara wa mutane Hausa, ban koyi Tonancin da ya wuce gaisuwa ba. Na zaci wani sunan allura ne ko wuƙa. Saboda haka na yi murmushi, na gyaɗa kai, har na ce, "Ƙwarai kuwa."

Sai na ji tsakar gidan ta yi tsit.

Hajiya ta daina tauna. Ta kai tafin hannu baki, ta tofo goron, ta riƙe shi. Ta ce, "Lamisi, wane prako?"

"Wanda an rufe kashi da shi. Dokta ya gaya maka, ba haka ba?" Ta juyo ta dube ni, murmushinta yana gushewa.

Hajiya ta ce, "Dokta, ka san abin da ta ce?"

"Ban san kalmar ba, Hajiya."

"Alade. Da Hausarka mai kyau, alade."

Na sunkuyar da kai. Duk Hausar da nake taƙama da ita ba ta amfane ni da komai ba.

"A cire," in ji ta.

"Ba ya ciruwa, Hajiya. Ya narke tuntuni. Ya bi jiki."

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Mata suka fara neman takalmansu. Sista Lamisi ta tsaya a gabana, ta ce, "Dokta, ni bakina ba ya iya, amma ni ba ya boye." Wannan karon harshena bai yi ƙaiƙayin gyara ba.

Ranar Litinin na je na gaya wa Farfesa da bakina, ko da yake na san labari ya riga ni. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce abin da na yi ya isa a kore ni. Da yamma ya sa na raka shi Zango, ya tuɓe takalmi a bakin tabarma, ya ba ta haƙuri, Lamisi tana fassara. Hajiya ta karɓe shi da mutunci. Ta ce shi ba shi da laifi, ya faɗa, ba a isar ba ne. Sannan ta roƙe shi kada a taɓa takardata. Ta ce, "Baƙona ne. A gidan nan ba a taɓa sauke baƙo ya koma hannu wofi ba."

Makonnin da suka rage su ne mafi tsawo a zamana na Kumasi. Ba wanda ya sake kirana Dokta Ƙa. In na gaishe ta takan amsa, lafiya lau, ba ƙari. Amma duk yamma tuwo da miyar kuka suna bakin ƙofata, har da man shanun. Nakan zauna in tasa kwanon a gaba, in kasa ci, in kuma kasa mayarwa.

Ranar da zan tafi na fito da jakunkunana da hantsi. Tana kan tabarmarta tsakanin huhuna. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Na fara jero dalilai, ƙashin da ke zaizayewa, wata biyun oda, tsoron kada ta gudu. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Na je Buokrom. Malam ya ce ba ni da zunubi. Ya ce ko da na sani, akwai malaman da suka yi sauƙi in larura ce, akwai waɗanda suka ce a jira na saniyar. Ka ga da ka faɗa mini, da na shiga mota na je na tambaya, kamar yadda na yi a kan saniya. Wataƙila in ce a yi. Wataƙila in ce a jira. Bakina ne, Dokta."

"Haka ne, Hajiya."

"Yarinyar nan harafi ɗaya ta yar, ba da saninta ba, na yi shekara biyu ina jin haushinta. Kai ka iya kowane harafi." Ta gyara mayafinta. "Na yafe maka. Allah ma muna yi masa laifi. Ga wannan ka kai wa mahaifinka."

Ta turo mini ƙunshin goro a ɗanyen ganye, an ɗaure shi tam yadda zai kai Funtuwa bai bushe ba. Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "Haƙoran fa? Ba sa ciwo?"

"Lafiyarsu ƙalau. Aikinka ya yi kyau paa, ba zan hana maka wannan ba."

"To don Allah ki riƙa amfani da su. In ba a tauna a kansu, ƙashin zai sake janyewa."

"Na ji," in ji ta. "Ina gwadawa. Sai dai duk na kai goro wajen, sai in tuna ba a tambaye ni ba, sai ya ƙi shiga. Tashi, kada mota ta bar ka. Allah ya kiyaye hanya."

Na ɗauki jaka ɗaya a hannu ɗaya a kafaɗa, na ratsa tsakar gidan. Ban kai ƙofa ba na ji ta jawo wani abu daga ƙarƙashin tabarma. Ban waiwaya ba, don na san ko mene ne. Ƙurus, ƙurus, ƙurus. Ƙarar ta biyo ni cikin lungu har na tsallake kwata.